Girki da gashin gato a gidan gona, ba kuran ba fur

Tambayar ta fito ne daga wata matar aure, ga ta a taƙaice: "A unguwar Zariya ta Maraɗi na tashi, a kan gaz na koyi girki, kuma ina yin gato, wato kek, ina sayarwa. Wata huɗu ke nan da maigidana ya maido mu gonarsa can bayan Jiratawa. Ɗaki biyu ne na ƙasa da rumfa, ba kuran, ba firigo, gaz in ya ƙare sai an shiga gari. Tuwona warin hayaƙi, gatona ƙasa ya ƙone ciki ɗanye, burodi yau ya ƙi tashi gobe ya yi tsami. Har kunyar maƙwabta nake ji. Yaya zan yi?"

Ɗiyata, sannu da baƙunta, Allah ya sa alheri ne ya kai ku. Duk abin da kika lissafa na sha irinsa, don ni ma aikin maigida ya taɓa kai mu wani ƙauye kudu da Maraɗi, wajen dajin Babban Rafi, muka share shekara shida a can kafin in dawo gari in kama koya wa mata girki da gashi. Hannunki lafiya lau yake. Wadda ta iya gato har ana saye ta san awo, ta san kwaɓi. Wuta ce ba ki sani ba tukuna, kuma a kanta zan fi daɗewa.

Gaz ya sangarta mu. Ki murɗa ya ƙaru, ki murɗa ya ragu, zafin da ya fara da shi da shi zai gama. Wutar itace kuwa tana da ƙuruciya da tsufa. Da farko hayaƙi ne, lokacin da itacen ke fitar da danshinsa, sannan harshe ya miƙe, a ƙarshe ta faɗi ta zama garwashi. Ƴan birni kuskurenmu ɗaya ne, muna ɗora tukunya tun wuta na jaririya, in muka ga ta yi sanyi sai mu ƙara tura itace, murhu ya toshe, iska ta rasa hanya, hayaƙi ya turnuƙe ya shige cikin ruwan tuwo. Warin da kike ji ke nan. Itace uku ya ishi murhu, kansu kawai ke haɗuwa a tsakiya, ana turawa kaɗan-kaɗan. Ki bar harshe ya kama sosai kafin ki ɗora, kuma kada ki buɗe tukunya a daidai lokacin da kika sa sabon itace. In kina son rage wuta, janye itace ɗaya za ki yi ki tsoma kansa a toka. Ruɗe da tuƙi suna son harshe, amma sulala garwashi take so: in kin gama tuƙa tuwo, ki zare itacen duka, ki rufe, ki bar shi a kan garwashi kamar minti goma. Tsakanin gindin tukunya da itace ya zama akwai kamar faɗin tafin hannu. In ta zauna ƙasa da haka ta danne wutar, in ta yi sama da yawa iska ce ke cin zafin.

Itacen ma ba ɗaya ba ne. Ƙirya ita ce sarauniya, shi ya sa maƙera ke neman gawayinta. Marke, geza, taramniya, bagaruwa da aduwa duk suna barin garwashi mai daɗewa. Sabara da kalgo, waɗanda za ki fi samu a bakin gona, suna ci da kyau in sun bushe amma ba su jimawa. Karan gero da na dawa walƙiya ne, ya tashi fuu ya mutu, ya dace da tafasa ruwa da hura wuta, ba ya barin abin da za a gasa gato da shi. Tumfafiya kada ki kula ta. Gawo ma ki ƙyale shi a gona: wutarsa ba ta da daɗin wari, amfaninsa ga ƙasa ya fi, kuma yana cikin itatuwan da doka ta hana sarewa ba da izini ba, kada ki ja wa maigida rigima da ma'aikatan gandun daji. Tunda gona taku ce, ki sa shi ya riƙa sassabin zamani, wato a bar tohon kututture biyu ko uku su girma a rage sauran. A nan yankin Maraɗi aka faro wannan dabara a 1983, da hannun wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, kuma rassan da ake ragewa duk shekara su ne itacen girkin gidaje da yawa yanzu. Ki tara naki tun watan Mayu, a ƙarƙashin rumfa, a kan duwatsu saboda gara. Wadda damina ta riske ta ba busasshen itace, ta ci tuwon hayaƙi har kaka. Kuma don Allah kada ki hura wuta da leda ko tsohon silifa kamar yadda na ga wasu na yi. Ɓawon gyaɗa da guntun kara sun isa.

Sai wurin murhu. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, iskar hunturu ma daga arewa maso gabas take bugowa, don haka madafa ta juya wa gabas baya. Ɗan gini na laka da ya kai gwiwa, zagaye da murhu ta gefe uku, zai rage miki itace har ki yi mamaki. In da hali ki sayi murhun ƙarfe irin Mai Sauƙi wajen maƙera a gari, ki tafi da tukunyarki a gwada, don amfaninsa yana ga tukunya ta zauna ciki daidai. Kafin ki ɗora tukunya ki shafe bayanta da jiƙaƙƙiyar toka ko sabulu, baƙin zai fita da wanki ɗaya.

Akwai abin da ba na wasa da shi. Hayaƙin girki ciwo ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020. Ki yi girki a rumfa mai iska, ki sauke goyo in za ki duƙa hura wuta. In sanyin Janairu ya matsa, kada ki shiga da garwashi ɗaki ki rufe ƙofa. Gawayi na fitar da wata iska marar wari marar launi, mutum ya yi barci bai farka ba.

To, mu zo ga gato, tunda shi ne sana'arki.

Ranar da na fara gwadawa a ƙauye, sunan ɗiyar maƙwabciyata ake yi, na ce bari in nuna musu ƴar birni ta zo. Na fasa ƙwai goma sha biyu, na kwaɓa, na zuba a faranti na sa cikin tukunya, na zuga wuta kamar mai dafa ganda. Ko minti goma sha biyar ba a yi ba ƙauri ya cika gida. Da na buɗe, ƙasa baƙi ƙirin, sama kuwa yana rawa kamar kunu. Wata tsohuwa da ke zaune bakin rumfa tana ɓarzar gyaɗa, wadda ba ta taɓa ɗanɗana gato ba a rayuwarta, ta taso ta leƙa, ta zare itacen nan ɗaya bayan ɗaya, ta kwashi garwashi da sakaina ta juye a kan murfin. Ta ce, "Ɗiyar nan, kin ba gindi wuta kin hana kai." Wancan gaton kaji suka cinye shi, amma maganarta ita ce dukan ilimin gashi.

Fur, ko obin yadda mutanen Najeriya ke cewa, akwati ne da zafi ke zagaye abinci ta ko'ina. Tukunya a kan murhu kuwa daga ƙasa kaɗai take samu. Aikinki shi ne ki rage na ƙasa ki ƙirƙiro na sama. Ki nemi babbar tukunyar dalma mai kauri, tsohuwa, wadda kika haƙura da ita, don gashi ba ruwa yana ƙona tukunya. Ki ɗebo yashi mai tsabta daga Gulbin Maraɗi, ki wanke, ki shanya ya bushe ƙarau, ki zuba a gindinta kaurin yatsa uku. Yashin nan shi ke shanye zafi ya raba shi daidai. A kansa ki jera ƙananan duwatsu uku busassu, ko gwangwanin tumatir uku da aka yanke, don farantin gato ya zauna a sama, kada ya taɓa yashi ko jikin tukunya. Dutsen da aka tsamo daga ruwa kada ki sa, yana iya fashewa. Murfi ya zama na ƙarfe mai faɗi wanda zai riƙe garwashi, ba guntun kwanon rufi ba. Ki rufe, ki ɗora a wuta ta yi zafi minti goma sha biyar zuwa ashirin tun kafin ki haɗa kwaɓi.

Gato yana son zafi wajen digiri 170 zuwa 180, burodi 200 zuwa 230. Ba ki da ma'auni, amma kina da fulawa. Ki barbaɗa kaɗan a marfin gwangwani ki ɗora kan duwatsun ki rufe. A awona, in ta yi launin soyayyar gyaɗa cikin minti biyar, zafin gato ne. In cikin minti biyu ko uku ta yi ja sosai, na burodi ne. In ta yi baƙi nan take, buɗe tukunya ki bari ta huce. Da kin sa gato, harshen wuta ya gama aiki. Ki zare itace, ki raba garwashi kashi uku, ɗaya a ƙasa, biyu a kan murfi, na saman ki fi jera shi ta gefe-gefe ba tsibi a tsakiya ba. Minti ashirin na farko kada ki buɗe ko da ƙamshi na kiranki, in iska ta shiga zai faɗa. Duk minti goma ki ɗan juya tukunyar da tsumma, saboda gefen da iska ke bugawa ya fi zafi. Ki ajiye wata ƴar wuta a gefe tana ci, don ki samu sabon garwashi in na murfi ya zama toka. Tsinken tsintsiya mai tsabta shi ne alƙali: ki soka a tsakiya, in ya fito fes ya nuna.

Manyan faranti masu zurfi da kika saba da su a gari, ki ajiye su tukuna. Kwaɓi mai zurfi shi ke ƙonewa waje ciki ɗanye. Kada ya wuce kaurin yatsa biyu, ko ki raba a ƙananan gwangwanaye marasa fenti, waɗannan cikin minti ashirin zuwa ashirin da biyar sun gasu. In dole sai babba, ki kifa ɗan gwangwani da aka shafa wa mai a tsakiyar farantin, kwaɓi ya zagaye shi kamar zobe, zafi ya samu hanya ta ciki.

Kwaɓin ma sai ya bi gidan da kike. Bota ba ta zama inda babu firigo, ki koma man gyaɗa, wanda nan ne gidansa, kuma gaton mai ya fi jimawa da laushi. Ga awon da nake koyarwa: fulawa kofi 2, sukari kofi 1 ba cika ba, ƙwai 3, man gyaɗa rabin kofi, nono mai ɗan tsami kofi 1, bakin hoda cokalin shayi 2, gishiri ɗan kaɗan. Ki buga ƙwai da sukari da maburgi har su yi fari su kumbura, hannu zai gaji, ki daure, iskar nan ita ce rabin tashin gato. Sai mai, sai nono, fulawa a ƙarshe, kuma da ta shige ki daina juyawa. Da damina zabi ke ƙwai, ki sa 4 ko 5 nasu a madadin 3 na kaza, gaton ya fi launi ma. Kowane ƙwai ki fara tsoma shi a ruwa, wanda ya kwanta ƙasa sabo ne, wanda ya taso sama ki jefar, kuma ki fasa ɗaya-ɗaya a ƙoƙo daban kafin ki haɗa. Wasu za su ce miki kanwa na maye gurbin bakin hoda. Gaskiya ne tana kumbura abu in ta haɗu da tsami, amma ƙarfinta ba shi da awo, wata ta fi wata, kuma in ta yi yawa gato ya yi ɗaci da ɗanɗanon sabulu. Ki bar ta wa wake da ɗanwake.

Burodin da kika ce yau haka gobe haka, yanayi ne ke wasa da shi. Yis abu ne mai rai. Yana jin daɗi tsakanin digiri 25 zuwa 35, sanyi na sa shi barci, in zafi ya kai wajen 60 ya mutu. A watan Afrilu da ake wuce digiri 40 a Maraɗi, kwaɓin da littafi ya ce a bari awa biyu ya gama tashi cikin minti arba'in, in kin ƙara ya faɗa ya yi tsami. A bazara ki rage yis zuwa rabi, ki kwaɓa da ruwan randa, da asuba ko bayan isha'i. A hunturu ruwan ya zama mai ɗumi irin na wankan jariri, ki rufe kwaɓin da jiƙaƙƙen tsumma don iskar nan na busar da kansa ya yi ɓawo, ki ajiye kusa da murhu ko a ranar hantsi. Ki daina duba agogo, ki duba kwaɓin: in ya ninka, kin danna yatsa ramin ya dawo a hankali bai cike duka ba, ya yi. Ga fulawa kilo 1, ruwa ya ɗan wuce rabin lita, kamar mililita 600 zuwa 650, gishiri cokalin miya ɗaya a shafe, busasshen yis cokalin shayi 2. Yis ki riƙa sayen ƙananan ƙunshi, babba in an buɗe zafi na kashe shi cikin ƴan makonni. In kina shakka ki zuba kaɗan a ruwan ɗumi da sukari, in bai yi kumfa ba cikin minti goma kada ki yi asarar fulawa. Ranar da ya yanke miki kuma, ki yi abin da masu masa ke yi da ƙullu, ki rage ɗan dunƙule daga kwaɓin yau ki haɗa a na gobe. Ya fi jinkiri, ya fi ɗanɗano.

Na san za ki so ki haɗa da garin gero tunda ga shi a rumbu. Gero ba shi da danƙon da ke riƙe iska kamar alkama, in ya wuce kashi ɗaya cikin biyar burodi ya zama tubali. A gato kam yana ɗaukar fiye da haka, kuma yana da daɗi. Sannan a tukunyar yashi ƙananan dunƙule sun fi dogon burodi gasuwa. Ni dai da za ki bi tawa, da kin sa an kafa miki tanderu, tukunyar ƙasa da ake ɗaure wa jiki da laka, a ƙona kara a ciki har bangon ya yi zafi, a manna kwaɓi a jiki. Gurasa ke nan, wadda matan Kano suka yi suna a kai. Kara kawai take ci, cikin ƴan mintoci ta gasu, kuma maigida da ya dawo daga gona zai fi murna da gurasa da ƙuli da yaji a kan dogon burodin gari.

Rashin firigo ba zan ja shi ba. Ki nemi tukunyar ƙasa babba da ƙarama, ki sa ƙaramar cikin babbar, ki cika tsakani da jiƙaƙƙen yashi, ki rufe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa mai iska. Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa ta har ya samu kyautar Rolex a 2000. Tumatir, tattasai da ganye suna kwanaki a ciki lokacin rani, da damina kuwa ba ta yin sanyi sosai don iska ta riga ta ƙoshi da ruwa. Ba ta nama ba ce. Nama a soya shi ƙarau ko a shanya, miyar dare a tafasa ta sosai kafin a kwanta a sake tafasawa da safe, kuma a bazara ki dafa abin da za a cinye. Fulawa ki saya kaɗan-kaɗan, a bokiti mai murfi, ki tankaɗe kafin aiki. Wake ki sa a buhun ajiya mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masanan cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, na nan Maraɗi na cikin waɗanda suka gwada shi, ba ya bukatar magani in an ɗaure da kyau. Zogale kuwa kina bakin Jiratawa inda ake nomansa, ba sai na ce komai ba.

Tukunyar gaz ɗinki mai kilo 6 kada ki yar da ita, ki mai da ita ta shayin asuba, da ruwan zafin yaro cikin dare, da ranar da ruwa ya kwana yana zuba. A haka sai ta yi miki watanni. Sauran kuma wuta ɗaya ki sa ta yi aiki uku. In kin hura ta la'asar, harshe ya dafa miya da tuwo, tukunyar yashi na gefe tana ɗaukar ɗumi. Kina sauke tuwo ki matso da ita ta ƙarasa zafi, garwashin ya gasa gato. In an gama ki binne dankali ko rogo a toka mai zafi, yara su tono da safe. Wake ma in ya tafasa minti ashirin, ki sauke ki naɗe tukunyar da tsohon bargo ki cusa a kwando mai ƙaiƙayi, bayan awa uku ya nuna ba ki ƙona ko tsinke ba.

Kunyar maƙwabta da kika ambata, ki ɗauki tabarma ki je ki zauna wajen wadda tuwonta ya fi na kowa, ki ce Inna koya mini wuta. Za ta yi dariya, za ta ba wasu labari, sannan za ta koya miki. Ke kuma ki tafi mata da gato. Kuma kada ki yi tsammanin cinikin babban gato na biki kamar a Zariya. A ƙauye ƙanana ake saye, na dala goma da na dala ashirin, ranar kasuwa da ranar suna da bakin makarantar yara. Gwangwani bakwai ke shiga tukunyata a zubi ɗaya, ɗaya a tsakiya shida kewaye, kuma na tsakiyar shi ke rigan sauran yin ja, shi za ki fara cirewa.